Kosiyo: Kuɗin Wa Ne, Na Mai Gida Ko Na Ɗan Haya?

(Rubutun lacca ga ƴan kasuwa da ma'aikata)

 

Maganar yau ta shafi kosiyo, wato kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa daga hannun ɗan haya kafin ya miƙa masa makulli. Daga Yamai zuwa Tawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, da wuya a zauna majalisar ma'aikata ko rumfar ƴan kasuwa a rasa wanda ya taɓa bar wa wani mai gida irin wannan kuɗi. Ranar biya, ana ƙirga su takarda bayan takarda a gaban dillali. Ranar maidawa kuwa, sai a ce bango ya yi dauɗa, ko ƙofa ta kwance, ko kuma a ce Alhaji ya yi tafiya, a dawo wata mai zuwa.

A ɗauki misalin gidan da hayarsa jika 40 ce a wata. Mai gida ya nemi abansi na wata uku, da kosiyo na wata biyu, dillali kuma ya nemi ladan wata ɗaya. Ke nan kafin mutum ya shimfiɗa tabarma ya fidda jika 240. Cikin wannan tarin kuɗi akwai iri uku, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne mafarin yawancin rigingimu. Abansi haya ce da aka biya tun kafin lokacinta, watanni za su cinye ta. Ladan dillali ya tafi, ba ya dawowa. Jika 80 na kosiyo kuwa har yanzu dukiyar ɗan haya ce, an ajiye ta ne hannun mai gida a matsayin jingina, domin in ɗan haya ya ɓata wani abu ko ya tashi da bashi a sami inda za a cire. In bai ɓata ba, bai bar bashi ba, babu ko dala ɗaya da ta halatta ga mai gida a ciki. Kowane ɗan kasuwa ya san hukuncin jingina: ranar da aka biya bashi, kaya na komawa ga mai su.

To, me ya sa ba su dawowa? Dalili na fari shi ne gaggawar mai tashi. Malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kwanni zuwa Mirriya gab da komawar ɗalibai ba shi da kwanakin da zai yi yana sintiri ƙofar mai gida. Mota na jira, kaya na ɗaure, sabon mai gida a can shi ma yana jiran nasa kosiyo. Tsohon mai gida ya san haka sarai, kuma ya san kuɗin motar dawowa neman haƙƙi na iya cinye rabin haƙƙin. Dalili na biyu shi ne yawancin masu gida ba su ajiye kuɗin ba tun farko. Ranar da suka karɓa suka sayi siminti, ko suka yi hidimar biki. Sa'ad da aka zo nema babu su, sai a shiga laluben aibin da za a ɗora wa gida.

Adalci ne kuma a faɗi cewa masu gida ba su koyi wannan tsauri a banza ba. Waɗanda suka ga shekarun 1990 suna tune da lokacin da ma'aikacin gwamnati ke yin watanni bai ga albashi ba, ga kuma karyewar darajar sefa ta watan Janairu 1994 da ta tada farashin kayan gini. Akwai gwauruwar da ɗakunan haya huɗu ne abincinta da na marayunta. Akwai ɗan fansho da ya zuba wahalar shekara talatin cikin gida ɗaya. Irin waɗannan sun sha ganin ɗan haya ya sulale da dare ya bar musu takardun kuran da na ruwa na wata shida. Tsoronsu na da tushe. Sai dai tsoron ɓarawo bai ba kowa izinin cin kuɗin mai gaskiya ba.

Yanzu a zo ga doka. Nijar ta kafa dokarta ta musamman kan hayar gidaje, mai lamba 96-016, ranar 18 ga Afrilu 1996, ko da yake kaɗan ne cikin masu gida da ƴan haya suka taɓa riƙe ta a hannu. A ƙarƙashinta kuma akwai ƙa'idodin gama-gari na kundin da aka gada daga Faransa, wanda masana shari'a ke kira Kod Sibil. Ayoyinsa na haya an rubuta su tun 1804, amma wanda ya karanta su zai ce marubucin ya taɓa zaman haya a unguwar Bukoki.

Aya ta 1730 ta tanadi cewa idan an rubuta takardar halin gida ranar shiga, ɗan haya zai maida gidan kamar yadda takardar ta nuna, ban da abin da tsufa ya lalata ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum. Aya ta 1731 ita ce ya kamata kowane ɗan haya ya haddace. Idan ba a rubuta wannan takarda ba, doka na ɗaukan cewa ɗan haya ya karɓi gidan lafiya lau, kuma haka zai maida shi, sai fa in ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka. A lura da kyau inda nauyin ya faɗi. Mutum ya shiga gida ya tarad da tagar da gilashinta ya fashe, da famfon da ke ɗiga, da makullin da sai an yi masa dabara. Ya yi shiru don kunya, ko don murnar samun gida bayan wata biyu yana nema. Bayan shekara uku mai gida ya nuna tagar ya ce a biya. A gaban alƙali, rashin takarda ba mai gida yake cuta ba, ɗan haya yake cuta. Shari'ar kosiyo tun ranar shiga ake cin ta ko a faɗi, ranar fita sanarwa kawai ake yi.

Takardar nan ba wani abin wuya ba ce. Warƙa ɗaya ta isa. A bi gida ɗaki bayan ɗaki da rana, a rubuta halin bango, da daɓe, da rufi, da ƙofofi, da tagogi, da wayoyin kuran, da bayan gida. A rubuta lambar da kontar wuta da ta ruwa ke nunawa a ranar. A ƙirga makullai. Mai gida ya sa hannu, ɗan haya ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe tasa. Yau da kusan kowa ke da salula mai ɗaukan hoto, sai a ƙara da hotuna, a aika wa mai gida su ta WhatsApp a ranar, domin kwanan wata ya zauna a wayar kowannensu. Wasu za su ce neman takarda hannun dattijo rashin kunya ne. Amma dattijon nan da kansa ba ya ba da buhun shinkafa bashi sai ya rubuta a littafi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa marar kunya.

Haka zancen resi. Aya ta 1716 ta ce idan haya ta baki ce, aka yi gardama kan yawan kuɗinta, kuma babu resi, maganar mai gida ake ɗauka bisa rantsuwarsa, sai in ɗan haya ya zaɓi a kira masana su ƙiyasta. Saboda haka resin kosiyo ya zama daban da na haya, a rubuta a kansa ƙarara cewa kuɗin ajiya ne da za a maido, da adadinsu, da sunan wanda ya karɓa. In dillali ne ya karɓa, a rubuta cewa da sunan mai gida ya karɓa. Sau da yawa ranar fita mai gida kan ce shi bai ga komi ba, dillali kuwa ya canza lamba.

Me ya halatta a cire? Hayar da ba a biya ba, da kuɗin wuta da ruwan da ɗan haya ya sha, da ƙananan gyare-gyaren da ɓarnarsa ta jawo: gilashin da yara suka fasa, makullin da aka ɓalle, ƙofar da aka karya. Aya ta 1755 ta fidda shi daga biyan duk abin da tsufa kaɗai ko ƙaddara ta lalata. Fentin da rana da ƙurar hunturu suka kashe cikin shekara biyar tsufa ne. Katangar ƙasar da ruwa ya kayar, irin ruwan daminar 2024 da ya rushe gidaje masu yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ƙaddara ce. Har yasar rijiya da ta masai aya ta 1756 ta ɗora wa mai gida, muddin yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba. Nawa ne cikin ƴan haya aka cire wa kuɗin motar yasar masai daga kosiyo, suka yi godiya suka tafi? Kuma duk abin da za a cire, a nuna takardar magini ko ta mai kanti. Cewa “gyara ya cinye duka” ba lissafi ba ne.

Ƴan kasuwa kuwa nasu ya ɗan bambanta. Hayar kanti, da sito, da wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 wadda Nijar ke cikinta, dokar da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Ayarta ta 106 ta ɗora wa mai wuri manyan gyare-gyare, kamar manyan bangaye, da rufi, da katanga, da ramin masai. Aya ta 114 ta bar wa ɗan haya kula ta yau da kullum. Ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana sana'arsa a wuri bisa sharuɗɗan yarjejeniya yana da haƙƙin a sabunta masa haya, kuma mai wurin da ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba zai biya diyyar tashi. Ɗan kasuwar da aka kora daga kanti yana ta rigima kan kosiyo na wata biyu, wataƙila abin da yake bin mai wurin ya ninka haka, bai sani ba.

Akwai dabarar da ƴan haya suka ƙirƙiro don kare kansu, wato cinye kosiyo: mutum ya daina biyan haya wata biyu kafin ya tashi, ya ce a cire a ciki. Ana gane dalilinsa, amma dabara ce mai haɗari. In mai gida bai yarda a rubuce ba, ɗan haya ya zama mai bashin haya, ya miƙa wa abokin gardamarsa sandar dukansa. Ga ɗan kasuwa abin ya fi muni, don rashin biyan haya na iya ɓatar masa da haƙƙin sabuntawa da diyyar da aka ambata.

In mai gida ya ƙi, hanya ta fari ita ce mai unguwa, wanda doka ta ba sarakunan gargajiya irinsa ikon sasanta mutane. A nemi a rubuta abin da aka sasanta a kai. In ba ta yi ba, sai takardar gargaɗi mai kwanan wata da wa'adi, wadda wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, zai kai hannu da hannu. Bayan nan sai kotu. Wanda ba shi da halin ɗaukan lauya na iya tuntuɓar hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ, wadda aka kafa a 2011. Komisariya dai ba wurin wannan magana ba ne. Bashi tsakanin mutum biyu aikin alƙali ne, kuma mai gidan da ke razana ɗan haya da ɗan sanda, ko ya cire masa ƙofa, ko ya yanke masa ruwa, shi ne ya taka doka.

Wasu ƙasashe sun toshe ƙofar jan rai da lambobi. Ƴan Adar masu zuwa ci-rani Abijan sun san cewa tun 2018 dokar Kwaddibuwa ta hana karɓar fiye da wata biyu na abansi da wata biyu na kosiyo, ta kuma ba mai gida wata ɗaya bayan karɓar makulli ya maido kuɗin. A Faransa, tun 2008 kosiyon gidan da babu kaya a ciki bai wuce hayar wata ɗaya ba. Tun 2014 kuma mai gida na da wata ɗaya ya maido in gidan ya fita kamar yadda aka shige shi, wata biyu in akwai abin cirewa, kuma kowane watan jinkiri na jawo masa tarar kashi 10 cikin 100 na hayar wata. Tarar nan ita ce gishirin dokar, don ita ke sa jinkiri ya zama hasarar mai riƙe da kuɗi maimakon ta mai jira.

Kafin a kai ga irin wannan, akwai abin da ba ya buƙatar jiran kowa. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa na iya buga takardar halin gida mai warƙa ɗaya, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, da gurbin lambar konta, da gurbin kosiyo, da ranar da za a maido shi, su raba wa membobinsu, su ajiye wasu a ma'aikatun magajin gari da wurin masu unguwa. Lokacin da ya fi dacewa a raba ta shi ne ƙarshen damina, sa'ad da takardun canjin wurin aiki ke fitowa, motocin kaya kuma ke tsayawa ƙofar gidajen haya.