Uwargida, ki sa baki a ginin ɗakinki

Ina gaishe da masu saurarenmu na Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa tsallaken iyaka wajen Maraɗi. Yau hirarmu a kan gini take. Kada wata ta ce, "To ni ina ruwana, ai wannan aikin maza ne." Ki dai saurara.

A shekarar 2024, daga watan Maris zuwa Satumba, wani babban gidan adana kayan tarihi a birnin Landan mai suna V&A ya yi baje kolin hotuna da zane-zanen gine-ginen zamani na ƙasashe masu zafi. Cikin waɗanda aka tuna da aikinsu har da wata mace, Jane Drew, 'yar ƙasar Ingila, wadda aka haifa a 1911 ta rasu a 1996. Ita da mijinta Maxwell Fry ne suka zana manyan gine-ginen Jami'ar Ibadan. Tun a 1947 suka fitar da littafi kan yadda ya kamata a gina gidan ƙauye a ƙasar zafi.

Mene ne darasin nasu? Abu uku ne: inuwa, iska, da sanin inda rana take fitowa da inda take faɗuwa. A ɗakin karatun Ibadan sun yi bango mai ƙananan kafofi, iska ta ratsa, rana ba ta shiga ba. Kuma kafin ta zo Afirka, wannan mata ta yi aiki a kan tsarin ɗakin girki, don ta san nan ne mace take yini.

Amma fa a faɗi gaskiya. Zamanin mulkin mallaka suka zo, kuma baje kolin bai ɓoye cewa an daɗe ba a ambaton 'yan Afirka da suka yi aiki a wannan fanni ba. Mu ma nan Gobir, ai kakanninmu sun riga su sanin sirrin. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, da rana sanyi, da hunturu ɗumi.

To yau fa? Kwanaki na je barka gidan wata ƙanwata. Ɗaki sabo fil, bulo da siminti, rufin kwano ba silin, taga guda ɗaya kamar ta kurkuku, ita ma tana kallon yamma. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mai jego da jariri duk sun yi ƙurajen zafi. Murhu kuma a bakin ƙofa, hayaƙi na komawa ciki. Na ce, "Ke, da ana ginin nan ba ki yi magana ba?" Ta ce, "Yaya, wa ya tambaye ni?"

Wannan kalma ita ta sa na kawo hirar. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, suna tada sabon matsuguni da ɗan abin da ya rage. Kuɗin da aka sha wuya aka tara, kada a gina tanda da shi.

Don haka uwargida, tun kafin a haƙa tushe, ki sami maigida cikin ladabi. Ki roƙi taga biyu a bango biyu masu fuskantar juna, da raga saboda sauro. A ɗaga rufi, a sa silin ko da na tabarma ne. A yi rumfa gefen yamma, a dasa darbejiya. Madafa ta sami mafitar hayaƙi, masai kuma ya yi nesa da rijiya.

Kada kuma a raina ƙasa. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Mata ne suka zana shi. In 'yarki na son lissafi da zane, ki ƙarfafa mata gwiwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sanyaya mana gidajenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.