Ina Za Mu Kai Yaro In Ya Kangare?

Shugaban taro, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a nan Daura, suka fito da mutum 67, har da ƙananan yara. Kowa ya yi Allah wadai. To amma wa ya kai su? Yawanci iyayensu ne da hannunsu, domin yaro ya fara shan kodin ko shaƙar sholisho, sun rasa inda za su nufa da shi. An rufe gidan, an bar iyaye da damuwarsu.

A ajinmu akwai wanda ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Mahaifinsa ya rasu muna aji uku, kuɗin makaranta ya gagara, ya koma tasha. Ba wanda ya bi sawunsa, har da ni.

Roƙona, kowannenmu ya ɗauki yaro ɗaya a unguwarsu, ya biya masa kuɗin jarrabawa ko ya haɗa shi da tela ko kafinta, ya riƙa leƙa shi duk Juma'a. Takarda tana wajen Sakatare, na riga na sa sunana.