Dokin Taroy: Ɓarawon da Mai Gida Ke Buɗe wa Ƙofa



Girkawan dā suna da labarin birnin Taroy, wanda suka yi wa ƙawanya shekara 10 bai ciwu ba. Da ƙarfi ya ƙi, sai suka sassaƙa ƙaton dokin katako, suka ɓoye mayaƙa a cikinsa, suka yi kamar sun janye. Mutanen birni da hannunsu suka jawo shi cikin ganuwa. Da dare ya tsala, mayaƙan suka fito suka buɗe wa rundunarsu ƙofa.

Sunan wannan doki aka laƙaba wa wata muguwar manhajar kwamfuta, wadda kan zo da kamannin abu mai amfani alhali tana ɗauke da sharri. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ita ba ta jiran bango ya tsage, kuma ba ta yaɗa kanta kamar ƙwayar cutar kwamfuta. Mai na'ura ne da kansa yake shigar da ita.

Alal misali, a shekarar 1989 wani Ba'amurke, Joseph Popp, ya aika wa masu binciken cutar ƙanjamau faya-fayai kimanin 20,000, wai na bayani kan cutar. Duk wanda ya sa faifan, bayan ya kunna kwamfutarsa sau 90 sai ya tarar an kulle masa ajiyarsa, ana neman dala 189 a aika Panama. A 2007 kuma aka gano Zeus, wadda kan laɓe tana naɗar duk abin da mutum ya buga, ta sace kalmar sirrinsa ta banki. Emotet kuwa cikin wasiƙa take zuwa kamar takardar neman biyan kuɗi, har 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗu suka rushe cibiyoyinta a 2021.

Saboda haka, jama'a, manhajar tsaro ganuwa ce kawai, mai gadin ƙofa kuwa ku ne. Akawu ɗaya ya buɗe takardar da bai san asalinta ba, sai asirin ma'aikata duka ya fita. Ɗalibi kuma ya kiyayi manhajar sata da ake rabawa kyauta, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. A tambayi wanda aka ce ya aiko saƙo kafin a buɗe, a kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

Allah Ya tsare mu.