Murar ɗari: a kai mara lafiya likita



In ɗari ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, mura mai zazzaɓi takan yi yawa. Ta fi kada yara, da tsofaffi, da mata masu ciki. In ta sauka ƙirji, tana kisa.

A asibitin Tawa ana rubuta kowa: wanda ya zo, wanda aka kwantar, wanda ya rasu. Da wannan lissafi hukuma take sanin inda ciwo ya yi ƙarfi. A 2009 cibiyar CERMES ta Yamai ta fara bin sawun ƙwayar mura.

Wanda ya kwanta gida, a Barmu ko Takanamat, ba ya cikin lissafi, ba ya samun magani. In yaro yana numfashi da sauri, ko ya ƙi nono, ku kai shi likita ran nan.

Allah ya ba mu lafiya.