Amsar Wasiƙa: Ƙari A Jijiyar Kunne

Wani manomi daga Wamakko ya ce an gano masa ƙari a jijiyar kunne, shin tiyata za ta dawo masa da ji?

To Malam, wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, a hankali yake girma. Sai dai jin da ya tafi ba ya dawowa. Ana cire ƙarin ne don kada ya danne ƙwaƙwalwa. Bayan aiki jiri kan ɗauki makonni, kar ka hau babur ko rumbu tukuna. Wasu bakinsu kan karkace, sau da yawa ya warware. In ƙarami ne, tambayi likitocin Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko bibiya da hoto ta wadatar.