JIRGIN DA KE JIRA A YAFA

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na ƙasar Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Dambatta, sannunku da aikin gona. Karatunmu na yau yana cikin littafin Yunusa, sura 1, aya 1 zuwa 6. Wanda Littafi Mai Tsarki yake kusa da shi ya buɗe, wanda yake gona ya karanta in ya koma gida.

Kafin mu shiga karatun, bari in ba ku labarin wani ɗan'uwa. Ya yarda in faɗa, amma ba zan ambaci sunansa ko ƙauyensa ba. Damina ta sauka, ya yi shuka, ya yi noman fari, lokacin sa taki ya yi, ba shi da ko kwabo. Kun san ƙasarmu. Gona manne take da gona, wadda kakanka ya noma ita kake nomawa kowace shekara ba hutu, in ba taki sai wahala. Toka da kashin awakin da ya kai da jaki tun rani ba su kai rabin gonar ba. Da dare ya durƙusa tare da matarsa, suka roƙi Allah. Gari na wayewa ya ɗauki wayarsa, abin da ya fara gani shi ne talla: rance nan take, ba jingina, ba mai tsaya maka. Sai ya ce, "Maman yara, zo ki gani, Allah ya amsa!"

Rancen na kwana 14 ne. Gero kuwa, ko mai sauri ne, sai ya yi wajen wata 3. Ranar biya ta zo, geron ko kai bai fitar ba. Ruwan bashi ya hau bisa. Sa'an nan masu rancen suka fara aika saƙo ga mutanen da lambobinsu suke cikin wayarsa, har da surukinsa da mai bisharan ƙauyen, suna kiransa macuci. A ƙarshe tunkiyar matarsa aka kai kasuwa. Amma ba tunkiyar ta fi ci masa rai ba. Ya yi mako uku bai shiga sujada ba, da muka sadu kuwa sai ya ce mini, "Baba Fasto, ashe Allah yakan amsa addu'a da tarko?"

Na ce masa, ɗana, kafin daren da kuka yi addu'ar, me ka yi ta yi da wayar? Ya yi shiru, sa'an nan ya tuna. Kwana da kwanaki yana neman farashin taki a intanet, ya rubuta tambaya a kan yadda ake samun rance, ya kalli wani bidiyo na masu ba da bashi har ƙarshensa. Ashe tun kafin ya faɗa wa Allah damuwarsa, ya riga ya faɗa wa waya.

Iyayenmu mata sun san dillaliya. Tana shiga gida gida, tana gaisuwa, idonta kuwa yana aiki. Ta ga 'yar gidan nan ta isa aure, mako mai zuwa sai ga ta da kwanuka da atamfa. Ba duba ta yi ba, lura ta yi. Haka Google da Facebook suke. Ba ka biyansu kuɗin shiga, da kuɗin talla suke rayuwa. Suna lura da abin da ka nema, da abin da ka daɗe kana kallo, da shekarunka, da yankin da kake. Mai talla kuwa yakan biya su ya ce, a nuna wa maza na Jihar Kano waɗanda suka nuna sha'awar rance. Shi ke nan. Babu aljani a ciki, babu mala'ika kuma. Sai dai dillaliya ka san gidansu, in ta cuce ka kana iya kai ta gaban mai unguwa. Wannan kuwa sai hukuma. A shekarar 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, a shekarar nan kuma Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa shiga lambobi da hotunan cikin wayar mutum. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda ya yi da bayanan 'yan ƙasar nan. Duk da haka ba kowane mai rance yake bin doka ba.

Yanzu mu koma ga Yunusa. Allah ya aike shi Nineba, shi kuwa zuciyarsa tana wani wuri. Ya gangara Yafa, sai ga jirgi a shirye mai zuwa Tarshish. Akwai wuri a ciki, kuɗin jirgi kuma yana hannunsa. Ku duba yadda kome ya zo daidai! Da ni ne, wataƙila da na ce ƙofa ce Ubangiji ya buɗe. Hankalinsa ya kwanta har ya shiga can cikin jirgin ya yi barci mai nauyi, hadiri kuwa yana taruwa. Jirgin nan ba domin Yunusa ya tsaya a Yafa ba, neman kuɗinsa yake yi, zai ɗauki duk wanda ya biya. Yunusa ya ga abin da ya fito nema ne kawai. Mutumin da ya ƙulla abu a ransa, in ya fita zai iske jirginsa yana jira, yanzu kuma jirgin ne yake biyo shi har ɗaka.

Ban ce kowace talla mugunta ce ba. Akwai masu noman rani a wajen madatsar Watari da ta Tomas da suka san irin shuka mai kyau ta waya, suka kuma sami mai saye. Ban kuma ce Allah ba ya amsa addu'a da sauri ba. Yana amsawa, ni shaida ne. Amma abin da ya zo daga wurinsa ba ya tsoron a gwada shi. Talla takan ce yau kaɗai, danna yanzu. To, ka bari ya kwana. Ka nuna wa matarka da gaske, ba bayan ka gama yanke shawara ba. Ka kai wa wani dattijo ko yaron da ya iya Turanci ya karanta maka ƙananan rubutun nan na ƙasa: kwana nawa, ruwa nawa. In manhaja ta nemi izinin ganin lambobin wayarka domin ta ba ka rance, ka sani mutuncinka ne jinginar, ka ƙi.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu dattawan ikilisiya, ni ne na fari a ciki. Na tambayi ɗan'uwan nan me ya hana shi zuwa wurinmu tun farko. Ya ce kunya, gama bara ma ya roƙa. Waya ba ta tambayarsa ina na bara. Mun zauna da shi kowace Lahadi benci ɗaya, muka ga gonarsa tana jaa, ba wanda ya ce masa yaya taki. Na'ura ta lura da shi kafin mu. Da zumuntar mata suka ji labarin, suka ba matarsa ɗaukar adashe kafin lokacinta, wani ɗan'uwa kuma ya raba buhunsa biyu ya ce a biya shi da kaka. Ya komo sujada, ko da yake har yanzu yakan zauna a baya, in surukinsa ya shigo kuma sai ya sunkuyar da kai.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, muna kawo maka waɗanda bashi ya hana su barci a daren nan, da waɗanda aka ɓata sunansu a gaban danginsu. Ka ta'azantar da ɗan'uwan nan da iyalinsa, ka sa albarka a geronsa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu.