Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Da Sanyin Safe Ake Kama Fara

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai tireda a Gummi, wanda kuma yake taɓa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye. Ya ce kullum da sassafe yake fita, sai bayan isha'i yake komawa gida, amma in shekara ta zagayo sai ya tarar jari ya ragu, bai san inda kuɗin suka bi ba. Yana tambaya, ko dai hannu aka sa masa?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kafin ka zargi kowa, bari mu yi maka tambaya ɗaya: in ka idar da sallar Asuba, me kake fara yi? Yawancinmu daga masallaci sai teburin mai shayi, daga nan sai shago. Wanda ya fara zuwa da buƙatarsa, shi zai tsara maka yininka. Wannan ya zo rance, wancan ya ce ka raka shi tasha, kafin ka ankara an kira Azahar.

Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, har dukiyarsa ta yawaita. Sai dai fa sammako ba da shiri ba, gajiya ce kawai.

Ga shawararmu. Ka sayi littafi irin na 'yan makaranta da biro. Bayan ka gama lazimi, kafin kowa ya yi maka sallama, ka zauna minti 15. Ko da boko ko da ajami, duk rubutu ne. In ba ka rubutu, ɗanka ɗan makaranta ya riƙe maka biron.

Na farko, ƙirga cinikin jiya, ka ware uwar kuɗi gefe guda. A cikin ribar ne za ka cire kuɗin cefane, ka ba uwargida tun da safe. A ce ka yi cinikin N30,000, kayan kuwa N26,000 ka saro su. To, N4,000 ne naka, sauran na shago ne. Ranar da ka kashe N6,000, ka sani jari ka gutsura, ko da aljihunka cike yake.

Na biyu, duba shafin bashi: wa kake bi, wa yake binka, yaushe aka yi alkawari. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a rubuta ba shi ke raba zumunci. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka zaɓi mutum ɗaya da za ka tuntuɓa yau, cikin mutunci.

Na uku, kuma ga mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi wannan maganar rai ce: ka nemi labarin hanya kafin ka ɗora kaya. In za ka bi ta Daki Takwas, ko za ka shiga kasuwar ƙauye, ka tambayi direbobin da suka fara isowa tasha, ka kuma ji farashin gero da dawa da wake a can. In labari bai yi daɗi ba, ka haƙura, kasuwa ba ta wannan mako kaɗai ba ce. Ka kuma sa wa kanka lokacin juyowa, kada magariba ta riske ka a daji.

Na huɗu, rubuta abu uku kacal da za ka yi yau, ka fara da mafi nauyi. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Manomi ma haka: yau noma ne, ko zuba taki, ko kai buhu kasuwa? Uwargida mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ke ma ki ware kuɗin gyaɗa kafin ki taɓa na anko.

Kada ka ce ai komai yana cikin wayarka. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro. Haka kuma farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardun Naira suka yi wuya. Mai littafi, ko ba layi ko ba tsabar kuɗi, ya san abin da ya mallaka da wanda yake bi.

Malam, ka jarraba wannan har kwana 40 ba fashi, sa'an nan ka sake rubuto mana abin da ka gani. Arziki na Allah ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi kana mu dogara. Allah Ya sa albarka a nema, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.